Ladi Kwali, Maginiyar Tukwane: Tarihin Rayuwarta da Aikinta

A wannan fitowa mun kawo muku tarihin wata mace wadda kusan kowane ɗayanmu ya taɓa riƙe hotonta a hannunsa, ko da yake ba kowa ne ya san ko wace ce ita ba. In kun ɗauki takardar naira ashirin za ku ga hoton Janar Murtala Muhammed, ɗan Kano, a gabanta. In kun juya bayanta kuwa za ku ga wata mace ta duƙufa a kan tukunya tana aiki, an kuma rubuta sunanta, Ladi Kwali. Wannan takarda ta zaga kasuwannin Gaya da Ajingi, ta shiga aljihun manoman Toranke, iyayenmu mata sun ƙulle ta a bakin zane, yara kuma sun jefa ta cikin kwanon baiko. Duk da haka ba safai muke tsayawa mu tambaya ba, me wannan baiwar Allah ta yi har ƙasa ta ga ya dace a sa ta a kan kuɗi?

Amsar tana cikin labarin wata yarinya 'yar ƙauye wadda ba ta taɓa shiga aji ba. Ta koyi sana'a a gida, ta girma ta koyi wata sabuwar hanya a wurin baƙi, amma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta saki abin da ta fara koya ba. A kan wannan ne muke so mu yi tunani tare.

Asalinta da ƙuruciyarta

An haifi Ladi a ƙauyen Kwali, cikin ƙasar Gwari, wajen shekara ta 1925. Gwari shi ne sunan da Hausawa suke kiran mutanen da su da bakinsu suke ce wa kansu Gbagyi ko Gbari. A wancan zamani Kwali tana ƙarƙashin mulkin Sarkin Abuja, yau kuwa tana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya. Sunanta ba baƙo ba ne a kunnenmu, gama Ladi suna ne da ake ba 'yar da aka haifa ran Lahadi, kamar yadda muke da Talatu da Laraba da Asabe. Kwali kuwa sunan garinsu ne da ya bi ta har ya zama nata.

Mutanen ƙasar manoma ne na ainihi, masu noman doya da dawa, an kuma san matansu da ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon a ka. A ƙasar Hausa akan sami maza magina tukwane, amma a ƙasar Gwari wannan sana'a ta mata ce, uwa ta koya wa 'ya, babba ta koya wa ƙarama. Ladi ta koya a wurin wata 'yar'uwar iyayenta tun tana ƙarama. Koyon ba na allo ko littafi ba ne. Yarinya takan fara da rakiya zuwa wurin haƙar yumɓu, ta ɗebo ruwa, ta taya daka da kwaɓi, ta zauna tana kallo, sa'an nan wata rana a ba ta ɗan curi ta gwada. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka aka tanƙwara hannun Ladi, har ya zamana tun tana budurwa tukwanenta sun yi suna, sau da yawa ma akan saye su kafin a kai su kasuwa.

Yadda ake gini a Kwali

Domin mu gane girman abin da ta yi daga baya, ya kamata mu san yadda matan Kwali suke gini. Maginiya takan ɗora curin yumɓu a kan mazauni, ta nutsa dunƙulen hannunta a tsakiyarsa, sa'an nan ta riƙa jawo gefen sama da yatsunta. Tukunyar tana zaune wuri ɗaya, maginiyar ce take kewaya ta, tana tafiya a duƙe, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje. In yumɓun ya ƙare sai ta murza wani kamar igiya mai kauri, ta ɗora a baki, ta shafe shi ya haɗe da na ƙasa. Takan bubbuga tukunyar da wani faffaɗan itace domin ta daidaita, ta kankare cikinta da katantanwa ko sakaina. Ba ta da ma'auni sai idonta da tafin hannunta, amma randa takan fito zagayayya sarai, babu karkata.

Sa'ad da tukunya ta sha iska, ba ta kuwa bushe ƙwarai ba, sai a yi mata ado. Akan mirgina guntun murɗaɗɗiyar igiya ko ɗan itace mai tsaga-tsaga a jikinta ya bar sawu, sa'an nan a tsaga zane da wani abu mai kama da wuƙa. Bayan ta bushe sai a tara tukwane a fili, a lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. A wurare da yawa akan yayyafa musu ruwan makuba suna da zafi domin su yi duhu su ƙara ƙarfi.

Irin wannan wuta ta fili ba ta cika wuce digiri 700 ko 800 ba, saboda haka jikin tukunyar yakan kasance da ƙananan kafofi waɗanda ido ba ya gani. Wannan shi ne asirin randa. Ruwa yakan tsattsafo ta kafofin nan, iska ta busar da shi, bushewar kuwa ita ce take janye zafi daga ruwan da ke ciki. Duk wanda ya dawo daga gona a tsakiyar bazara ya kamfaci ruwan randa ya san amfanin wannan, ko da bai san dalilinsa ba. Haka kuma tukunyar ƙasa takan jure wutar murhu ba tare da ta fashe ba. Ashe kakanninmu mata, na Gwari da na Hausa, sun daɗe da riƙe wani ilimi wanda ba a rubuta shi a takarda ba.

Inda ta samo adonta

Abin da ya bambanta tukwanen Ladi da na sauran mata shi ne daidaiton siffarsu da kuma adon da ke jikinsu. Ba ta yi nisa wajen neman abin da za ta zana ba. Ta ɗauki halittun da kowane ɗan ƙauye yake gani: ƙadangare a jikin katanga, kunama a ƙarƙashin dutse, hawainiya a kan reshe, kada da kifi a rafi, maciji a gona, da tsuntsaye iri-iri. Takan raba jikin randa gida-gida da layuka masu saukowa daga wuya zuwa ciki, ta sa dabba a wani gida, ta cika na kusa da shi da zane mai kusurwa-kusurwa irin wanda muka saba gani a jikin ƙwarya.

Ba ta zana dabbobin nan kamar yadda mai ɗaukar hoto zai fitar da su ba. Takan miƙar da ƙadangare ya bi tsawon gidansa, ta lanƙwasa wutsiyar hawainiya ta dace da kumburin randa, ta baza ƙafafun kunama su cika fili. Adon yakan bi jikin tukunya kamar tare aka halicce su. Waɗannan siffofi gadon matan Gwari ne, ba ita ta ƙago su ba, amma a hannunta suka sami rai da natsuwa irin wadda ba a saba gani ba. Abin lura shi ne, daga tukwanen ƙuruciyarta har zuwa na ƙarshen rayuwarta, bayan ta ga Landan da biranen Amurka, waɗannan halittu na dajin Kwali su ne dai suke jikin aikinta.

Fadar Sarkin Abuja da zuwan Bature

Abujar da ake magana a nan ba babban birnin da muka sani yau ba ce. Tsohuwar Abuja ce, garin da ake kira Suleja yanzu, cikin Jihar Neja. Sarakunan Haɓe na Zazzau ne suka kafa ta bayan da jihadi ya fitar da su daga Zariya, Abu Ja kuma shi ya gina garin a shekara ta 1828, aka sa masa sunansa. Daga 1944 zuwa 1979 Alhaji Sulaimanu Barau ne yake sarauta, mutum mai ilimin zamani wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma koyar a makaranta kafin a naɗa shi. Sarkin yana son aikin hannun mutanensa, ya kuwa tara tukwanen Ladi a fadarsa domin ado.

A can ne wani Bature maginin tukwane mai suna Michael Cardew ya gan su a shekara ta 1950. An haifi Cardew a Ingila a 1901, ya koyi gini a wurin shahararren maginin nan Bernard Leach, ya kuma yi shekaru yana aikin tukwane a ƙasar Gana kafin gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi aiki a Nijeriya. An umurce shi ya zaga ƙasa ya duba yadda za a inganta sana'ar tukwane. Da ya zaga ya gani, sai ya fahimci cewa tukwanen gargajiya sun dace da aikinsu sarai, ba su bukatar gyaran kowa. Abin da ya ga babu shi ne kayan tangaran irin su kofi da faranti da butar shayi, waɗanda ake shigowa da su daga ƙasashen waje. Saboda haka ya ba da shawarar a kafa wurin koyar da yin irin waɗannan da yumɓun ƙasar nan.

An zaɓi Abuja domin akwai itacen wuta da yumɓu da ruwa, ga kuma goyon bayan Sarki. Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane ta fara aiki a shekara ta 1952. Ɗaliban farko duk maza ne. Amma Cardew bai manta da randunan da ya gani a fada ba, a ƙarshen shekara ta 1954 kuwa Ladi ta shiga cibiyar, ta zama mace ta farko a wurin.

Gwana ta koma ɗaliba

Mu tuna cewa a lokacin Ladi tana da kimanin shekara talatin, ta kuma riga ta zama gwana wadda Sarki da kansa yake sayen aikinta. Ba ƙaramin tawali'u ba ne mutum irin wannan ya zauna cikin samari ya fara koyo daga tushe. Kusan kome na cibiyar ya saɓa wa abin da ta saba. A gida ita take kewaya tukunya, a nan kuwa akwai keken gini, wato wani faifai mai juyawa, magini yana zaune wuri ɗaya tukunya tana juyi a gabansa. Yumɓun ma dabam ne, an tace shi, an gauraya shi da farar ƙasa da garin dutse domin ya jure wuta mai tsanani. Maimakon wutar fili akwai ginannen tanderu wanda ake hura wa itace dare da rana har zafinsa ya wuce digiri 1,200. Akwai kuma ruwan ƙyalli da ake tsoma kaya a ciki kafin a gasa, wanda yakan narke a wuta ya zama kamar gilashi a jikinsu.

Ladi ta koyi wannan duka. Ta iya keke, ta yi faranti da kwano da kofi da tukwanen miya masu murfi. Ta kuma samo hanyar da za ta shigar da adonta cikin sabon aikin. Takan tsoma kwano cikin ruwan jar ƙasa ko fara, in ya ɗan sha iska sai ta ɗauki ƙayar beguwa ta tsaga zane, launin da ke ƙasa ya bayyana. Ta haka ƙadangaren Kwali ya hau farantin cin abinci irin na Turawa. A gindin kowane abu akan buga hatimi biyu, ɗaya mai sunan Abuja da rubutun ajami, ɗaya kuma mai haruffan sunan wanda ya yi. Nata shi ne LK. Wannan sabon abu ne ƙwarai, gama a ƙauye ba wanda yake sa sunansa a jikin tukunya. Mai saye yakan gane hannun maginiya da ido kawai, in ta mutu kuma sunanta ya bi ta.

Randar da ta haɗa hanya biyu

Aikin da ya fi ɗaukaka sunanta bai fito daga kan keke ba. Ko da ta iya sabuwar hanya, Ladi ta ci gaba da gina manyan randuna da hannu kamar yadda aka koya mata tana yarinya, sai dai yanzu da yumɓun cibiya mai jure wuta. Takan tsaga adonta kamar kullum, sa'an nan ta cike tsagar da ruwan farar ƙasa, a zuba wa randar ruwan ƙyalli mai haske wanda ake hango abin da ke ƙarƙashinsa, a sa ta cikin tanderu. In ta fito, sai jikinta ya yi duhu, kore-kore ko ja-ja, zanen dabbobin kuma ya fito fili da haske a ƙarƙashin ƙyallin. Siffa da ado na Gwari ne, wuta da ƙyalli na baƙi ne. Ba a taɓa ganin irin wannan randa ba kafin lokacin, ko a Nijeriya ko a Turai.

Sai dai gaskiya ta wajabta mana mu faɗi abin da aka rasa. Randar da aka gasa da irin wannan wuta, aka kuma rufe jikinta da ƙyalli, ba ta da kafofin da ruwa zai tsattsafo, saboda haka ba ta sanyaya ruwa. Ta kuma yi nauyi ƙwarai, ba macen da za ta saɓa ta a kafaɗa zuwa rafi. Kuɗinta ya fi ƙarfin talaka. Ta zama abin kallo a ɗakunan masu hali da gidajen ajiye kayan tarihi. Haka ma sauran kayan cibiyar, waɗanda aka yi niyyar 'yan ƙasa su riƙa saye, yawancinsu Turawa ne da manyan ma'aikata suka saye su.

A kan wannan masana sun rabu biyu. Waɗansu suna ganin cibiyar ta ɗauke randa daga hannun matan da suke bukatarta ta kai ta inda ba a shan ruwanta. Waɗansu kuma suna cewa in ba domin cibiyar ba, da Ladi ta rayu ta mutu kamar dubban gwanayen mata waɗanda ba wanda ya san sunansu a yau, da kuma tukwanenta sun farfashe tuntuni, gama tukunyar ƙasa ba ta daɗewa. A ganinmu kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, Ladi ba ta shiga cibiyar hannu wofi ba. Ta zo da ilimin da malaminta ba shi da shi, shi kansa Cardew kuwa ya ɗauki siffofin tukwanen Gwari ya sa cikin nasa aikin. Koyarwar ta bi ta kowane gefe.

Shigarta ta buɗe wa waɗansu mata ƙofa. Kafin Cardew ya bar aiki a shekara ta 1965, mata huɗu sun biyo sawunta: Halima Audu, da Lami Toto, da Asibi Ido, da Kande Ushafa. Suna da ɗakinsu na aiki a cikin cibiyar wanda ake kira Ɗakin Gwari, inda suke gina manyan randuna da hannu. Bayan tafiyar Cardew wani Bature mai suna Michael O'Brien ya karɓi shugabancin wurin, Ladi kuwa ta ci gaba da aikinta a nan.

Tafiye-tafiye da lambobin girma

An fara nuna aikinta a Landan a shekara ta 1958, a wani gidan baje kolin kayan fasaha mai suna Berkeley, aka sake a 1959 da 1962. An kuma nuna tukwanenta a bukukuwan samun 'yancin kan Nijeriya a 1960. A farkon shekarun 1960 ita da kanta ta tafi Ingila, ta kuma je Faransa da Jamus, tana nuna wa ɗalibai da magina yadda ake gini irin na Kwali. A shekara ta 1972 ta zaga Amurka tare da Cardew da Kofi Athey, wani magini ɗan Gana da ya daɗe yana aiki a cibiyar Abuja.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne irin aikin da take nunawa a waɗannan wurare. Mutanen da suka taru suna da kekuna da tanderu waɗanda suka fi na Abuja, ba su kuwa bukatar a koya musu wannan. Abin da ya tara su shi ne su ga mace ta ɗora curin yumɓu a gabansu, ta duƙa tana kewaya shi, babu keke babu ma'auni, har katuwar randa ta tashi a kan idonsu. Gani ya kori ji. Abin da 'yar'uwar iyayenta ta koya mata a tsakar gida shi ne ya kai ta gaban manyan makarantun duniya.

Girmamawa ta biyo baya. A shekara ta 1963 aka ba ta lambar MBE ta ƙasar Ingila. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, ita da ba ta iya karatu da rubutu ba. A 1980 Gwamnatin Tarayya ta ba ta lambar yabo mafi girma da ake ba masu ilimi da fasaha a ƙasar nan, a 1981 kuma aka ƙara mata da lambar OON. Masu koyo sun riƙa zuwa wurinta daga nesa. A cikinsu akwai Magdalene Odundo, 'yar ƙasar Kenya, wadda ta zo Abuja a 1974 ta koyi ginin hannu, daga baya ta zama ɗaya daga cikin shahararrun magina na duniya.

Ƙarshen rayuwarta

A shekarunta na ƙarshe ƙasar da ta sani ta sake kama a kan idonta. A shekara ta 1976 gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a tsakiyar Nijeriya. Sabon birnin ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin da take aiki ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu, ƙauyensu Kwali kuma ya faɗa cikin yankin birnin tarayya. Cardew ya rasu a Ingila a shekara ta 1983. Ladi ba ta daɗe a bayansa ba, ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984, tana da kimanin shekara 59.

An sa wa cibiyar Suleja sunanta, akwai kuma titi mai sunanta a birnin Abuja. Tukwanenta suna ajiye a manyan gidajen tarihi, kamar na Victoria da Albert a Landan da na Smithsonian a birnin Washington. A shekara ta 2007 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da sabuwar naira ashirin ta leda mai hotonta. Akwai hoton waɗansu mata a kan kuɗinmu, kamar Fulani masu tallan nono a bayan naira goma, amma Ladi kaɗai ce macen da aka rubuta sunanta. A 2022 an yi wani babban baje koli a Landan na aikin mata baƙar fata magina tukwane, da aikinta kuma aka buɗe shi.

Abin da za mu ɗauka

'Yan'uwa, wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. A garuruwanmu na gabashin Kano bokitin roba da jarka da tukunyar ƙarfe sun shiga kowane gida, randa tana ja da baya. Ba mu ce a ƙi sabon abu ba, gama roba ba ta da nauyi, ba ta kuma fashewa in ta faɗi. Ladi ma ba ta ƙi keke da tanderu ba. Amma sau da yawa abin da muke yarwa ya wuce tukunya. Mukan yar da darajar mai yin ta. Yaro in ya yi aji shida sai ya fara jin kunyar sana'ar uwarsa, mu iyaye kuma mukan ɗauka cewa wanda bai yi boko ba bai san kome ba. Haka gini da saƙa da jima da sassaƙa da gyartai suke fita daga hannunmu, tsoho ya mutu da abin da ya sani ba wanda ya karɓa.

Jami'ar da ta ba Ladi digirin dakta ta yi haka ne domin ta gane cewa abin da ke hannunta ilimi ne. Ya kamata mu ma mu gane haka game da tsofaffin da ke unguwanninmu. Mu sa 'ya'yanmu a makaranta, maza da mata, wannan wajibi ne. Amma in sun taso, ko lokacin hutu, mu bar su su zauna kusa da mai sana'a su kalla, su taɓa, su ɓata, su gyara. Ƙungiyoyin mata da na matasa suna iya gayyatar irin waɗannan gwanaye su koyar, a kuma biya su haƙƙinsu. In mun je kasuwa sayen randa ko tabarma ko ƙwarya, mu tambayi sunan wanda ya yi, mu kuma rage tsananta ciniki a kan abin da ya ci wa mutum kwanaki.

Mun kuma ga amfanin babba mai lura. Da Sarkin Abuja bai daraja aikin wata 'yar ƙauye ya ajiye shi a fadarsa ba, da baƙon bai gan shi ba. Mai unguwa da malamin makaranta da kowane shugaba a cikinmu yana iya zama wanda zai fara lura da baiwar wani yaro ko wata yarinya, ya ƙarfafa ta tun ba ta dushe ba.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ladi Kwali ta je nesa, ta koyi abu mai yawa a wurin baƙi, amma ba ta bar gida ba, gida kuma bai bar ta ba. In naira ashirin ta sake shigowa hannunku, ku juya bayanta ku nuna wa 'ya'yanku, ku gaya musu sunan matar da garinsu da sana'arta. Allah ya jiƙanta, ya kuma sa albarka a aikin hannuwanmu duka.